Inda Lokaci Yake Zama a Jimlar Turanci



Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gaban malamin zaure ya buɗe Ajurumiya, ya san cewa tun a farkon littafin ake raba masa magana kashi uku, wato isimi da fi'ili da harafi; kuma ko da yake Ibn Ajurrum, mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, ya tsara shi ne domin masu neman Larabci, wannan rabo yana da fa'ida ga mai koyon Turanci, domin ramin da ya fi kayar da Bahaushe a Turanci yana cikin babin fi'ili ne.

Na taɓa zama a bayan wani aji na firamare, malam ya tambayi wani yaro ina ya tafi jiya, yaron ya miƙe, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ce, "Yesterday I go to market." Aji ya kwashe da dariya, malam ya ɗaure fuska, ni kuwa tausayin yaron ya kama ni, saboda ba da ka ya yi magana ba, ƙa'idar harshen da ya sha a nono ya bi sau da ƙafa. Mu Hausawa mukan ce jiya na tafi, gobe zan tafi, kullum nakan tafi, sai ku ga kalmar tafi tana nan daram, lokaci kuwa wakilin suna ne yake goye da shi. Bature ya juya al'amarin: nasa wakilin sunan, I, ba ya motsi, fi'ilin ne yake sauya riga, har go ta jiya ta koma went, ta gobe kuma ta nemi taimakon will a gabanta.

Galibin fi'ilan Turanci suna da sauƙin kai, ana liƙa musu ed a wutsiya su koma abin da ya shuɗe, kamar yadda walk take zama walked. Amma waɗanda baki ya fi yawan buƙata, na ci da gani da zuwa da saye, su ne masu taurin kai: eat ta zama ate, see ta zama saw, come ta zama came, buy ta zama bought. Waɗannan ba kiyasi a cikinsu, sai hadda, kuma almajirin da ya saba da mali da mulari'i, ya san yadda zahaba take komawa yazhabu, bai kamata wannan ya firgita shi ba. Abin da nake roƙon malamai shi ne su rubuta na tafi a allo, su rubuta I went a ƙarƙashinta, su sa alli su nuna wa yaro inda lokaci ya zauna a kowacce, kafin su ɗaga masa murya.

Kada kuma a ɗauka ko'ina Turanci ne ya fi wuya. Inda muke da kai da ke da ku, you ɗaya ta wadatar, farin doki da farar goɗiya da fararen dawaki kuma duk white guda ce ta rufe su.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko ɗan ƙaramin harafin s da yake maƙalewa a he goes da she eats.