Fitilun Waje a Jikin Mota Mai Amfani da Lantarki: Amfaninsu da Ingancinsu

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa, “Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.” Tun da mota ta shigo ƙasar Hausa, masu tafiya a ƙasa suke dogaro da ƙarar inji wajen sanin cewa abin hawa yana tafe. To, ga shi yanzu an samu motar da ba ta da wannan ƙara, wato mota mai amfani da lantarki. A shekarar 2020 aka fito da Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas, a shekarar 2021 kuma aka buɗe tashar cajin irin waɗannan motoci da hasken rana a Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tunda kunne ba ya jin zuwanta sosai, nauyin ya koma kan ido. Wannan darasi zai yi bayanin fitilun da ke wajen irin wannan mota, da inda suke samun wuta, da aikin da suke yi, da kuma inda suke gazawa.

2.0 Ire-iren Fitilun Waje

Ana iya kasa fitilun waje gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda direba yake gani da su: fitilun gaba masu gajeren haske da dogon haske, da fitilar hazo, da fitilar ribas. Kashi na biyu su ne waɗanda ake ganin motar da su, ko ake fahimtar nufin direba: jajayen fitilun baya, da fitilun birki, da sigina, da fitilun haɗari, da fitilar rana wadda ke kamawa da zarar an tayar da mota.

Duk waɗannan akwai su a motar fetur. Abin da motar lantarki ta ƙara shi ne fitilar caji. A motocin Tesla, alal misali, akwai ’yar fitila a bakin kafar caji. Idan tana ƙyaftawa da launin kore, batir yana shan wuta. Idan koren ya tsaya cak, caji ya kammala. Idan kuwa ta yi ja, akwai matsala.

3.0 Inda Fitilun Suke Samun Wuta

Motar lantarki tana da batir biyu. Akwai babba mai juya ƙafafu, wanda ƙarfinsa yakan kai kimanin bolt 400, a wasu motocin ma 800. Akwai kuma ƙarami, galibi mai bolt 12, irin na motar fetur. Fitilu da oda da abin share gilashi duk daga ƙaramin suke sha. Da yake babu injin da zai juya altaneta, sai aka sa wata na’ura mai rage ƙarfin wutar babban batir tana ɗura wa ƙaramin. Ke nan duk hasken da motar ta fitar, daga ƙarshe babban batir ne yake biyan kuɗinsa.

Wannan ne ya sa wasu suke tsoron kunna fitila, wai kada caji ya ƙare musu a hanya. Lissafi zai warware wannan tsoro. Ƙwan halojin na gaba yana cin wat 55, biyu ke nan wat 110. Idan aka haɗa da na baya da na lamba, duka ba su kai wat 200 ba. Tafiyar awa 5 da dare za ta ci abin da bai wuce yunit 1 ba, irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa. Ita kuwa matsakaiciyar motar lantarki takan ci yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100. Ashe fitilun awa 5 ba su rage wa direba fiye da kilomita 5 zuwa 7 ba, a tafiyar da za ta iya kai kilomita 400. Na’urar sanyaya mota ta ninka fitilu ci sau da yawa. Saboda haka direban da ya kashe fitila da almuru don tsimin caji ya yi abin da ake cewa garin neman gira a rasa ido.

4.0 Nau’in Ƙwan da Ake Sa Musu

Ƙwan fitilar mota ya bi matakai. An fara amfani da halojin a Turai a shekarar 1962, sai zenon a motar BMW a shekarar 1991, sannan el-i-di, wanda ya bayyana a fitilar gaban Lexus LS 600h a shekarar 2007. Yawancin motocin lantarki el-i-di suke ɗauke da shi, saboda dalilai uku.

Na farko, yana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan, domin ba ya dogara da zaren ƙarfe da sai ya yi ja wur kafin ya haska. Na biyu, yana daɗewa, kuma girgizar hanya ba ta tsinka shi. Na uku, yana kamawa nan take. Tsohon ƙwai yana jinkirin kusan kashi 1 cikin 5 na sakan kafin ya cika haske. Wannan ɗan lokaci ba abin rainawa ba ne, domin motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin fiye da mita 5 a cikinsa. Mita 5 kuwa tsawon mota guda ne, kuma sau da yawa shi ne tsakanin tsira da karo.

Har ila yau, ana iya jera ƙananan ƙwayaye masu yawa a fitila ɗaya. Kyamara takan hango motar da ke tahowa, sai kwamfuta ta kashe ƙwayayen da ke fuskantarta, sauran su ci gaba da haska hanya. Kamfanin Audi ya fito da wannan fasaha a shekarar 2013, Amurka kuma ta halatta irinta a shekarar 2022.

5.0 Fitilar Birki da Sabuwar Matsala

A motar fetur, fitilar birki tana kamawa ne idan an taka birki. Motar lantarki kuwa tana da wata hanyar rage gudu. Da zarar direba ya sassauta ƙafa daga totur, injin lantarkin yakan juye ya zama janareto, ya riƙe ƙafafun motar, ya mayar da wuta cikin batir. A wasu motocin riƙon yana da ƙarfin da zai tsayar da mota cak ba tare da an taɓa birki ba. Amfaninsa a fili yake, amma ga tambaya: ta yaya na baya zai san cewa ta gaba tana tsayawa?

Ƙa’idar Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasashen Turai suke bi ta tanadi cewa, idan gudun mota yana raguwa da abin da ya haura kusan kilomita 5 a awa cikin kowane sakan, dole fitilar birki ta kama, ko da ba a taka komai ba. Amurka ba ta bin wannan ƙa’ida. A shekarar 2023 aka lura a can cewa Hyundai Ioniq 5 tana iya rage gudu sosai fitilun birkinta suna kashe, muddin ƙafar direba tana ɗan taɓa totur. Kamfanin ya gyara manhajar motocin a wannan shekara. Darasin da ke ciki shi ne, ingancin fitila bai tsaya ga ƙarfin haskenta ba, har da kamawarta a lokacin da ya dace.

6.0 Fitilar Rana da Mai Tafiya a Ƙasa

Ƙasar Suwidin ta wajabta kunna fitila da rana tun shekarar 1977, Tarayyar Turai kuma ta wajabta fitilar rana a sababbin samfuran ƙananan motoci daga shekarar 2011. Manufar ita ce a hangi mota daga nesa. Wannan ya fi muhimmanci ga motar lantarki, domin a ƙaramin gudu kusan shiru take. Sai dai fitila ba ta amfanar makaho, ko wanda ya ba mota baya. Don haka daga shekarar 2019 Tarayyar Turai ta fara tilasta sa wa irin waɗannan motoci na’urar da ke fitar da sauti idan gudunsu bai wuce kilomita 20 a awa ba. Haske da sauti suna taimakon juna ne.

7.0 Inda Suke Gazawa

Na farko, farin hasken el-i-di yana kashe idon direban da ke tahowa idan ba a saita fitilar daidai ba, ko an jibga kaya a baya har gaban motar ya ɗaga. Na biyu, ba ya ɗumama gilashin fitila, don haka a ƙasashe masu sanyi ƙanƙara takan taru ta toshe shi. A wurinmu ƙurar hunturu ce take lulluɓe gilashin, ta dusashe hasken, ta warwatsa shi. A cikin hazo kuma dogon haske dawowa yake yi cikin idon direba, gajere ya fi. Na uku, a motoci da yawa fitilar rana ba ta kunna na baya, sai direba ya ga allon gabansa yana haske ya ɗauka komai a kunne yake, alhali bayansa duhu ne. Na huɗu, idan ta lalace, sau da yawa sai an sauya fitilar ɗungurungum, abin da ya fi sauya ƙwai tsada nesa ba kusa ba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa fitilun motar lantarki ba sa cin wutar da za a yi ƙyashinta, aikinsu kuma ya fi na motar fetur nauyi, domin ita tana zuwa shiru, tana kuma rage gudu ba tare da birki ba. Ya kamata malami ya sauya yadda yake koya wa ɗalibansa tsallaka titi. Yaron da ya saba kasa kunne kawai, yanzu dole ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya karanta abin da fitilun mota suke faɗa masa kafin ya sa ƙafa.

Auna Fahimta

1. Kawo kashe-kashen fitilun waje biyu tare da misalai.
2. Me ya sa kashe fitila ba ya ƙara wa motar lantarki nisan tafiya sosai?
3. Yi bayanin matsalar fitilar birki a motar lantarki cikin sakin layi ɗaya.
4. Fito da karin magana biyu da ke cikin darasin, ka bayyana ma’anarsu.