Tsohuwar Peugeot mai buɗaɗɗen sama: abin dubawa kafin a saya

A ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ta jihar Kano, ba abin mamaki ba ne a ga tsohuwar mota ƙirar Peugeot a jibge a bayan gida, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da ita akurki.

Shekaru da dama irin waɗannan motoci, waɗanda jama'a ke kira Fijo, su ne suka yi jigilar mutane da buhunan gero da dawa da wake zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina.

A yau da yawansu na ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke saye a kan farashin ƙarfe.

To sai dai a cikin dangin wannan mota akwai wadda masu tara tsofaffin motoci ke nema ruwa a jallo, wato 504 Cabriolet, mai ƙofa biyu da rumfar tamfol da ake naɗewa. Bambance ta da sauran, da sanin yadda za a farfaɗo da ita, ya dogara ne a kan wasu 'yan haruffa da lambobi da ke jikinta.

Asalin motar

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a shekarar 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969.

A Najeriya kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, tun bayan da aka daɗe da daina yin ta a Turai.

Ita kuwa mai buɗaɗɗen saman, an fara nuna ta ne a bikin baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1969. Kamfanin Pininfarina na birnin Turin a Italiya shi ne ya zana ta, shi ne kuma ke ƙera gangar jikinta.

Daga lokacin zuwa 1983 da aka daina yin ta, guda dubu takwas da 'yan kai aka ƙera, alhali jimillar 504 ta haura miliyan uku.

Ba a taɓa harhaɗa ta a Kaduna ba. Saboda haka duk wadda aka gani a Najeriya ko Nijar, daga waje aka shigo da ita.

Kafin a biya kuɗi

Matsala ta farko da mai saye zai fuskanta ita ce ta mallaka.

Motar da ta shekara ashirin ko talatin a ajiye, sau da yawa mai ita ya riga mu gidan gaskiya, ta zama kayan gado. Idan ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da yawun sauran ba, cinikin na iya ƙarewa a gaban alƙali, bayan mai saye ya riga ya kashe kuɗi a kanta.

Don haka akwai buƙatar yarjejeniya a rubuce, da shaidu, da sa hannun duk masu haƙƙi.

Sannan sai takardun motar na asali, da takardar biyan kuɗin fito ta kwastan, da kuma tabbaci daga 'yan sanda cewa ba a taɓa kai rahoton sace ta ba.

Wanda ke tunanin shigo da ita daga waje kuwa, ya kamata ya fara tuntuɓar hukumar kwastan. Najeriya na da ƙa'ida kan shekarun motar da za a iya shigowa da ita, kuma a watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Karanta lambar jikinta

A ƙarƙashin bonet, kowace Peugeot ta wancan zamani na ɗauke da wani ɗan faranti na ƙarfe mai nuna samfurinta da lambar shasi. Haka nan an buga lambar a jikin ƙarfen motar.

Tilas ne lambar farantin da ta jikin ƙarfen da ta takardu su zo ɗaya. Sabon walda a kewayen lambar, ko ƙusoshin faranti da suka fi sauran motar ƙyalli, alama ce ta cewa an taɓa wurin.

A tsarin kamfanin, harafin da ke bin 504 shi ke faɗin irin motar. Harafin A na nufin mai ƙofa huɗu da aka saba gani, B na nufin mai buɗaɗɗen sama, C kuma mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe.

Lambobin da ke biye su ke nuna injin. B02 ita ce ta farko mai injin lita 1.8, B12 mai lita 2, sai B31 mai injin V6 da aka fara sakawa a 1974.

Wannan na da muhimmanci domin ƙwararren mai walda na iya yanke rufin mota samfurin C, ya ɗinka mata tamfol, a sayar da ita da sunan B. Bayan ha'incin da ke ciki, akwai haɗari, domin ta asalin an ƙarfafa ƙasanta ne don ya maye gurbin rufin, wadda aka yanke kuwa jikinta kan murɗe a kan hanya.

Haka kuma ana iya ɗora injin V6 a kan wadda aka ƙera da ƙaramin inji, tun da masu V6 na asali ba su kai dubu ɗaya ba, kuma sun fi tsada.

Fuskar motar ma na taimakawa wajen gane shekarunta. Na farko, daga 1969 zuwa 1974, fitilu huɗu gare su a gaba. Daga nan aka koma manyan fitilu biyu masu faɗi, sannan a ƙarshen shekarun 1970 aka maye bamba ta ƙarfe da ta roba.

Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ake kira VIN, wadda kwastan ta Najeriya ta fara amfani da ita wajen ƙiyasta kuɗin fito a 2022, ba ta zama ruwan dare ba sai daga farkon shekarun 1980. Ta motocin Peugeot na Faransa na farawa da VF3, kuma ba a saka haruffan I da O da Q a cikinta.

Saboda haka gajeriyar lamba a jikin motar 1972 ba aibi ba ce. Doguwar lamba a jikinta ce abin tuhuma.

Wanda ke son ƙarin tabbaci na iya aika lambar ga sashen adana tarihi na kamfanin, L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihi a garin Sochaux na Faransa, wanda ke bayar da takardar shaidar lokacin da aka ƙera mota. Yin hakan kafin biyan kuɗi shi ne maganin cinikin biri a sama.

Tsara aikin gyara

Yanayin arewa na da nasa alheri da nasa sharri ga tsohuwar mota.

Ƙarancin laima ya sa tsatsa ba ta cin ƙarfe kamar yadda take yi a Legas ko Kwatano. Amma zafin rana na busar da robobi da kujeru da tamfol, kuma da zarar rumfar ta yage, ruwan damina kan kwanta a ƙasan motar har ya huda ta.

A wuri kamar Dawanau, inda rumbuna da ɗakunan ajiyar hatsi suka yawaita, ɓeraye kan cinye wayoyin lantarki, su yi sheƙa a cikin kujeru.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar ɗaura batir a tayar da injin. Injin da ya daɗe a kwance sai an zubar da tsohon baƙin mai da fetur, an wanke tanki, an juya shi da hannu an ga bai cije ba.

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, ya kamata a ɗauki hoton kowane sashe, a kuma rubuta sunan duk abin da aka cire.

Daga nan sai a fara da gangar jiki, domin a nan mafi yawan kuɗin ke tafiya. Mayen ƙarfe na tona asirin wuraren da aka cike da foti aka shafe da fenti, domin ba ya kamawa a kansu.

Bayan jiki sai birki da sitiyari da ƙafafu, sannan inji da giya, sai wayoyi. Fenti da kujeru da rumfa su ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fenti, to zai sake shi.

Ta fuskar kayan gyara, wasu sassan ƙaramin injin sun yi tarayya da na 504 da aka sani, ana kuma iya dacewa da su a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Amma ƙofofi da gilasai da fitilu da bamba duk nata daban ne, tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ma ta gaza ta mai ƙofa huɗu da santimita 19. Irin waɗannan sai an yi odarsu daga Turai da kuɗin Yuro, don haka ya kamata a lissafa su tun kafin a yi ciniki.

Haka nan masu ƙaramin injin na farko-farko suna amfani ne da famfon fesa mai ƙirar Kugelfischer, saɓanin kafireto da makanikan yankin suka saba da shi.

Gyara ko sauyawa?

A nan ne mai mota zai yanke shawara. Bakanike na iya ba shi shawarar a cire famfon a sa kafireto, ko ma a ɗora injin wata motar Japan. Motar za ta yi tafiya, amma darajarta a wurin masu tarawa za ta faɗi.

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, na ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin kayan tarihi. Ƙa'idojinta da aka sani da Yarjejeniyar Turin, waɗanda suka fara aiki a 2013, sun yi kira da a kiyaye kayan mota na asali gwargwadon iko, a kuma rubuta duk sauyin da aka yi.

Ke nan ko da an tilasta sauya wani abu, ya kamata a adana na asalin a ajiye tare da motar.

A bisa wannan ma'auni, yawancin 504 da aka harhaɗa a Kaduna su ma sun riga sun shiga sahun kayan tarihi, har da a-kori-kurar da ta yi dakon hatsin Dawanau. Kuma duk wadda ta hau sikelin 'yan gwangwan ba tare da an duba farantinta ba, ba za a sake sanin ko wace iri ce ba.