Yauƙin kuka da lalo: abin da masana suka gano a cikin ganye

A Sabo ta Ibadan, unguwar da fatake Hausawa masu cinikin goro da shanu suka zauna tun 1916, miya biyu ne ke haɗuwa a madafa ɗaya. Garin kuka daga Arewa yake zuwa cikin buhu. Lalo kuwa, wanda Yarabawa ke kira ewedu, ɗanyensa ake saye ɗauri-ɗauri a kasuwa. Uwargida ta kaɗa kuka da maburgi, maƙwabciyarta Bayarabiya ta bubbuga lalo da 'yar tsintsiyarta, amma abu ɗaya suke nema: miya ta yi yauƙi, ta bi tuwo ko amala ta sulale. Wannan yauƙi shi ne yau masana sinadarai ke tatsowa daga ganye suna neman magani a cikinsa.

Sunansa a wurinsu folisakarayid, wato dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin suga, ɗaruruwa ko dubbai, da suka sarƙe da juna. Sitacin rogo ma daga wannan dangi yake, haka nan ƙaron da ake tsinta a dazuzzukan Yobe da Jigawa. Sai dai sitaci gulukos ne zalla, cikinmu kuma ya san yadda zai narkar da shi. Na ganyen kuka da lalo gauraye ne: akwai ramnos, akwai galaktos, sannan kaso mai yawa na wasu ƙwayoyi masu tsami da ake kira yuronik asid. A 1995 wasu masana a Japan, inda ake cin lalo da sunan moroheiya, suka ware yauƙin ganyensa suka auna, suka tarar yuronik asid ya kai kusan kashi 65 cikin ɗari.

Waɗannan ƙwayoyi masu tsami su ne sirrin tukunya. Idan mai girki ta jefa 'yar kanwa, ganyen yana laushi ya saki abin da ke cikinsa, sarƙoƙin kuma su ɗauki caji iri ɗaya, su riƙa ture juna, su miƙe su riƙe ruwa mai yawa. Sai ka ɗaga ludayi ka ga miya na binsa kamar zare, korenta shar. A zuba mata tsami kuwa, sarƙoƙin su dunƙule, yauƙi ya mutu. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a gina ɗakin gwaji a ƙasar nan. Illa dai kanwa idan ta yi yawa tana lalata bitamin C da B1, don haka hannu ya yi sauƙi.

Hanyar tatso shi ba ta da wani siddabaru. A busar da ganye, a niƙa, a jiƙa a ruwan zafi, a tace, sannan a zuba sinadarin itanol a kan ruwan. Yauƙin ba ya narkewa a cikinsa, sai ya taru wuri ɗaya, a kwashe a shanya ya zama gari.

To ina maganin? Tunda ciki ba ya iya narkar da shi, yauƙin yana sa abinci ya yi kauri a hanji, suga ya riƙa shiga jini a hankali maimakon ya kwararo lokaci ɗaya. Yana kuma kama wani ɓangare na ruwan matsarmama ya fita da shi a bahaya, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini don ta yi sabo. Abin da ya isa babban hanji kuwa ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke cinye shi, su samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanjin. An tabbatar da irin wannan aiki a jikin mutane da ɓawon irin wani tsiro na Indiya mai suna siliyum, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 1998 a rubuta a jikin kwalinsa cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya.

Ganyenmu bai kai wannan matsayi ba tukuna, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Masanan Japan ɗin nan sun ga yauƙin lalo yana sa ƙwayoyin garkuwar jiki su hayayyafa, amma ƙwayoyin saifar ɓera ne a cikin kwalbar gwaji. Mafi yawan abin da ake yayatawa kan ciwon daji da ciwon suga a irin wannan mataki yake. Tsakanin ɓera da dattijon da ke bin layin asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan akwai tafiya mai nisa: a san adadin da za a sha, a gwada a kan mutane da yawa, a ga illa. Yana ɓata min rai in ji ana tallar garin ganye da lasifika ana cewa yana raba mutum da ciwon suga har abada. Wanda ya ajiye ƙwayar maganinsa saboda wannan magana, ƙodarsa da idonsa ya sa a caca. Kaurin da ke rage gudun suga ma yana iya rage gudun shigar magani cikin jini, shi ya sa ake ba masu shan siliyum shawarar su ba da tazarar sa'o'i tsakaninsa da ƙwayoyinsu.

Akwai wata riba da ta fi kusa, wadda ba a cika zancenta ba. Kowace ƙwayar magani tana buƙatar abin da zai manne garinta ya hana shi wargajewa, kamfanoninmu kuma daga waje suke sayo mafi yawansa da dala. Masana harhaɗa magunguna a Jami'ar Ibadan sun daɗe suna gwada ƙaron itatuwan gida, irin na maɗaci, don wannan aiki. Cibiyar NIHORT da ke Idi-Ishin a Ibadan, wadda aka kafa a 1975, tana binciken kayan lambu, lalo na cikinsu. Duka ba su da nisa da Sabo, inda masu sayar da kuka ke bambance mai kyau da marar kyau daga launi da ƙamshi kawai: wadda aka shanya a inuwa koriya ce, ta fi riƙe sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wadda rana ta doka kuwa ta koɗe. Duk mai son auna yauƙin kuka da gaske, a wurin masu sayar da ita ya kamata ya fara ɗibar samfuri, ya tambaye su garin da kowane buhu ya fito da watan da aka tsinki ganyen.