Kafin Ka Yarda a Cire Wa Motarka "Indomi"

Direban da ke jigila tsakanin Ajingi, Gaya da Wudil, ko mai motar gida da ke kai ta gyara Ƙofar Ruwa a Kano, da wuya a ce bai taɓa jin wannan shawara ba: "Alhaji, indomin nan ya toshe. A cire shi kawai, za ta fi gudu, ta rage shan mai." Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu maganar da ke shiga kunnen mai mota irin ta rage shan mai. Sai dai sau da yawa akasin haka ake gani.

Abin da makanikai ke kira indomi wani ɗan tulu ne a jikin salansa, kusa da injin, cikinsa duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da ƙarafa uku masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke rage gubar hayaƙi kafin ya fita. A 1975 aka fara sa shi a yawancin motocin Amurka. Ƙarafan nan ne suka sa ake rububinsa: a watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato kimanin giram 31, ta haura dala 25,000, ta ninka zinariya fiye da sau goma. Don haka wanda ya ce maka a cire a yar, ba yarwa zai yi ba. Akwai masu saye.

Inda mutane ba su lura ba shi ne sensa. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, irin su Corolla da Camry da Sienna da suka cika hanyoyinmu, suna da sensa mai auna iska a gaban indomi, da wata a bayansa. Ta gaba ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don a riƙa haɗa kusan kashi 14.7 na iska da kashi ɗaya na mai. Ta baya kuwa gadi take yi, tana duba ko indomin na aiki. Da zarar an fasa tulun an zazzage cikinsa, hayaƙin da ta baya ke ji ya zama daidai da na gaba. Sai ƙwaƙwalwa ta kunna fitilar cekin injin, in aka sa kwamfuta a ga lamba P0420.

Wasu za su ce ai fitila ce kawai. To, fitilar nan guda ɗaya ce, kuma ita ce mota ke kokawa da ita kan matsaloli masu yawa. In ta zauna a kunne dare da rana, ranar da fulogi ya mutu ko wata sensa ta lalace, ba ka da mai gaya maka. Mafi muni shi ne masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe shi da baƙin salatif, musamman in za a sayar da motar.

Shan mai kuma yawanci daga wurin mai walda yake farawa. Wajen yanka da liƙi, akan ƙona wayar sensar gaba, ko a bar ɗan rami kusa da ita. Iskar waje ta shiga ta ramin, sensa ta zaci mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara zuba fetur. In ma an cire sensar gaba ɗaya, motar za ta koma zuba mai da ka. Ka ga bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, fulogi na yawan mutuwa, man da kake sha zuwa Wudil ranar Juma'a ya daina kai ka.

Sannan ga hayaƙin. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe mutane in sun kwana da janareta a ɗaki. Motocin haya irin Golf da Sharon da ake ɗaure wa kaya but a buɗe suna jawo hayaƙi ciki. Fasinjan baya, galibi mata da yara, su sauka da ciwon kai da jiri, a ce wahalar hanya ce.

Gaskiya ne indomi yana toshewa, ba duk makanikin da ya faɗa ba ne macuci. Alamarsa mota ta kasa ja ko an taka totur, ko a ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashi, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai. Amma ba kasafai yake toshewa haka siddan ba. Ko dai injin na ƙona baƙin mai, ko fulogi ba ya ƙona fetur sosai, ko an daɗe ana shan gurɓataccen mai. In ba a gyara wannan ba, ko sabo aka sa, haka zai sake mutuwa. Saboda haka a fara sa kwamfuta kafin a ɗauko zarto. In ya tabbata ya mutu, a nemi wani a sa, ko da na hannu ne. In babu hali, ka tsaya a yi aikin a gabanka, kada a taɓa wayoyin sensa, kuma ka karɓi tsohon, domin kayanka ne kuma kuɗi ne.

Mai shirin sayen mota, ko ta Kwatano ce ko ta hannu, ya sunkuya ya duba ko akwai sabuwar walda a jikin tulun. Sannan ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba: fitilar cekin injin dole ta kama, in injin ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an taɓa ta.