Kyautar Kamfanin Citrix Da Abin Da Ya Biyo Bayanta

A watan Yuni na shekarar 2013 kamfanin nan na Citrix, wanda a lokacin hedkwatarsa take Fort Lauderdale ta Jihar Florida a ƙasar Amurka, ya ba da wata sanarwa wadda ta ja hankalin masu harkar kwamfuta. Kamfanin ya ce daga ran nan manhajarsa mai suna XenServer ta zama ta kowa da kowa, duk mai so ya ɗauka ya yi aiki da ita ba ko kwabo. Daɗin daɗawa ya buɗe ainihin rubutun da aka harhaɗa manhajar da shi, domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba wa wanda ya ga dama. Abin mamakin kuwa shi ne, shekara shida kafin haka kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 500 wajen sayen wannan haja. To, me zai sa ɗan kasuwa ya yi kyauta da abin da ya saya da tsada haka? Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gida Ɗaya, 'Yan Haya Da Yawa

Kafin a gane dalilin kamfanin, sai mai karatu ya san aikin da irin wannan manhaja take yi. Bankuna da kamfanonin waya da jami'o'i suna ajiye manyan kwamfutoci waɗanda ba sa hutawa dare da rana. A da, kowane aiki sai a saya masa kwamfutarsa, watau ta wasiƙu daban, ta lissafin albashi daban, ta ajiyar bayanai daban. Alhali kuwa kowace a cikinsu kaɗan daga ƙarfinta ake mora, ga cin wuta, ga kuɗin sanyaya ɗakin da take.

Sai masana suka fito da dabarar raba kwamfuta ɗaya ta zama tamkar kwamfutoci da yawa. Misalin abin kamar mutum ne mai babban gida ya yanka shi ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, kowa da ƙofarsa da makullinsa, wani bai san abin da ke ɗakin wani ba. Manhajar da ke wannan rabo ita ce a matsayin mai gida, ita ke yanka wa kowane ɗan haya rabonsa na ƙarfin inji da wurin ajiya, kuma in ɗaya ya lalace ba ya shafar sauran. Dabarar ba sabuwa ba ce, gama kamfanin IBM ya fara ta tun cikin shekarun 1960 a kan manyan injunansa. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998 a Kalifoniya, shi ya kawo ta kan kwamfutoci na gama-gari, ya kuwa yi kuɗi da ita ƙwarai.

Daga Jami'a Zuwa Kasuwa

Asalin XenServer daga Jami'ar Kambrij ta ƙasar Ingila yake. A can ne wani malami mai suna Ian Pratt da ɗalibinsa Keir Fraser, tare da abokan aikinsu, suka rubuta manhajar Xen, suka fito da ita a shekarar 2003 a buɗe, kowa na iya ganin cikinta. Nan da nan ta karɓu, har kamfanin Amazon ya ɗora kasuwancinsa na ba da hayar kwamfuta ta intanet a kanta a 2006.

Masu Xen suka kafa kamfani mai suna XenSource, wanda ke ƙara wa manhajar kayan sarrafawa ya sayar. Watau injin na kowa ne, amma sitiyari da kujeru da gangar jikin motar na kuɗi ne. Wannan kamfani ne Citrix ya saya a 2007, hajar kuma ta zama XenServer.

Amma fa kasuwar ba ta yi wa Citrix daɗi ba. A shekarar 2008 kamfanin Microsoft ya fito da tasa mai suna Hyper-V, VMware kuma ya fara ba da ƙaramar ESXi kyauta domin jawo masu ciniki. Har wa yau ga wata mai suna KVM wadda aka shigar cikin Linux a 2007, kamfanin Red Hat ya tsaya mata. Da Citrix ya ga haka, sai ya mai da XenServer kyauta a watan Fabrairu na 2009, ya bar ƙarin manyan kayan sarrafawa na kuɗi. Duk da haka VMware bai gusa daga kan gaba ba.

Saboda haka a 2013 kamfanin ya yi abu biyu. A watan Afrilu ya miƙa ragamar Xen ga Gidauniyar Linux, inda kamfanoni irin su Amazon da Google da Intel da Samsung suka shiga cikin masu tallafa mata. A watan Yuni kuma ya buɗe XenServer, samfuri na 6.2. Lissafinsa shi ne, in jama'a suka yi yawa a kan manhajar, masu gyara za su ƙaru, shi kuwa ya riƙa samun kuɗi ta wajen waɗanda ke bukatar injiniyoyinsa su tsaya musu in abu ya ɓaci, da kuma sauran hajojinsa da ke hawa kanta.

Kyauta Daban, Buɗewa Daban

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da kyau, domin abu biyu ne waɗanda mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne a ba mutum manhaja ya yi aiki da ita ba tare da biya ba. Wannan alheri ne, amma yana hannun mai bayarwa, ran da ya ga dama sai ya janye. Na biyu shi ne a ba mutum ainihin rubutun manhajar tare da lasisi, watau takardar izni a shari'a, wadda ta ce yana da ikon gyarawa da rarrabawa. Ita Xen tana ƙarƙashin lasisin da ake kira GPL, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba, tilas shi ma ya buɗe gyaransa. Abin da aka riga aka sake a ƙarƙashin irin wannan izni kuwa zarar bunu ne, ba ya komawa.

Ba a jima ba aka ga amfanin wannan bambanci. A watan Disamba na 2017 Citrix ya fito da samfuri na 7.3, sai masu amfani da na kyauta suka tarar an zare musu abubuwa da yawa. An ƙayyade cewa manyan kwamfutocin da za su haɗa su yi aiki tare kada su wuce uku. An kuma cire dabarar ƙaurar da ajiyar bayanai daga wani wuri zuwa wani ba tare da tsai da aiki ba, da dabarar ta da aiki a wata kwamfuta da kanta in wadda yake kai ta mutu. Mai son waɗannan sai ya biya. Ƙananan kamfanoni da makarantu waɗanda suka shekara huɗu suna gina ayyukansu a kan wannan kyauta suka wayi gari cikin tsaka mai wuya, ko su nemo kuɗin da ba su shirya ba, ko su kwashe kayansu su ƙaura.

Sai wani Bafaranshe mai suna Olivier Lambert, na kamfanin Vates da ke birnin Grenoble, ya ce ai rubutun a buɗe yake. A farkon 2018 ya nemi gudummawar jama'a ta dandalin Kickstarter, abin da aka tara kuwa ya ninka abin da ya nema sau da yawa. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki rubutun XenServer, suka cire takunkumin da aka sa, suka rubuta madadin 'yan sassan da suka rage a rufe, suka fito da XCP-ng a ƙarshen watan Maris na wannan shekara. Citrix bai da ta cewa, domin iznin da ya bayar da hannunsa shi suka bi. A 2020 aka karɓi XCP-ng cikin ayyukan Xen da ke ƙarƙashin Gidauniyar Linux.

Abin Da Ya Sami Mutanen VMware

In ana son ganin ɗaya gefen, sai a dubi VMware. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayensa. Wata guda bayan haka aka daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biya na lokaci-lokaci, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 aka janye ESXi ta kyauta. Da yake rubutunta a rufe yake, ba wanda ya iya yin abin da mutanen Grenoble suka yi. Masu amfani da ita ba su da zaɓi illa su biya, ko su koma wa XCP-ng da Proxmox da ire-irensu. A watan Afrilu na 2025 Broadcom ya dawo da ta kyautar, amma shi ma don ya ga dama ne, ba don wani yana da haƙƙin tilasta shi ba.

Shi kuwa Citrix, buɗe rubutun bai kai shi ga ƙwace kasuwar ba. Amazon ya fara komawa ga wata dabara da aka gina a kan KVM a 2017, kuma a 2022 wasu kamfanonin zuba jari suka saye Citrix ɗungurungum suka haɗe shi da TIBCO. Waɗanda suka fi cin moriyar sanarwar 2013 su ne masu amfani da manhajar, domin ran da mai kyauta ya sake shawara, sun tarar da makullin gida a hannunsu.

Saboda haka duk shugaban ma'aikata ko makaranta da aka zo masa da albishir cewa ga manhaja kyauta, kada murna ta hana shi tambaya. Ya nemi a nuna masa lasisin, ya ji ko an buɗe rubutun, ya kuma bincika ko akwai wasu masana ban da kamfanin waɗanda za su iya riƙe ta in kamfanin ya juya baya. In babu, to, aro aka ba shi, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.