Ajiyar Kuɗin Kirifto a Lalitar Na'ura, da Halin Zaman Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun daɗe da sanin sha'anin adana dukiya. Manomi yana da rumbu, makiyayi yana da garke, mai haƙar zinariya a Bagega ko 'Yargalma kuwa ya san inda yake ɓoye ɗan abin da ya samu kafin dillali ya iso. Kowace irin ajiya da irin ɓarawonta. A zamanin nan an sami wata dukiya wadda ba a kulle ta a adaka, ba a kuma binne ta a ƙasa, watau kuɗin kirifto, irin su Bitcoin da aka ƙirƙiro a 2009. Makasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake tsare irin wannan kuɗi da 'yar na'urar da masu harkar ke kira walet, wadda a nan za a kira lalita. Ba a nufin kwaɗaita wa kowa saye, domin farashinsa hawa da sauka yake yi, malaman addini kuma sun saɓa a kan hukuncinsa. Ta fuskar doka, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, sa'an nan dokar zuba jari ta 2025 ta sa ta ƙarƙashin hukumar SEC.

Abin da lalitar ke riƙewa

Kuɗin kirifto rubutu ne a cikin wani babban kundi wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke ba mutum ikon motsa rabonsa a kundin shi ne wata doguwar lamba da ake kira mabuɗin sirri. Duk wanda mabuɗin ke hannunsa, kuɗin nasa ne. Wanda ya bar kuɗinsa a kamfanin musaya, kamfanin ne ke riƙe da mabuɗin, kuma an ga ƙarshen haka lokacin da Mt. Gox ya durƙushe a Japan a 2014 da Bitcoin wajen 850,000, da lokacin da FTX ya rushe a Nuwambar 2022.

Lalitar ba ta wuce girman ɗan yatsa ko kwalin ashana ba. Trezor ce ta fara fitowa kasuwa a 2014 daga birnin Prague, kamfanin Ledger kuma aka kafa shi a Faransa a wannan shekarar. Aikinta shi ne ta ƙirƙiri mabuɗin a cikinta, ta hana shi fita. In za a yi biya, waya ko kwamfuta ta shirya takardar ciniki ta miƙa mata, ita kuma ta sa hannu a ciki ta mayar. Saboda haka ko da ɓarawon intanet ya shiga wayar, ba zai tarar da mabuɗin ba.

Yadda ake kafa ta

Da farko, a saye ta daga kamfanin da ya ƙera ta ko wakilinsa tabbatacce. Wadda aka riga aka yi amfani da ita, ko aka tarar da kalmomi a rubuce cikin kwalinta, tarko ce. Na biyu, a zaɓi lambar sirri ta buɗe na'urar. Ledger tana share abin da ke cikinta in an kuskure lambar sau 3 a jere, yawancin na'urorin Trezor kuwa sai an kai sau 16.

Na uku shi ne ƙashin bayan al'amarin duka. Na'urar za ta nuna kalmomi a allonta, galibi 12 ko 24, waɗanda ta zaɓo daga wani jeri mai kalmomi 2,048 da aka tsara a 2013. Waɗannan kalmomi su ne mabuɗin kansa, an mai da shi yadda ɗan Adam zai iya rubutawa. In na'urar ta ɓata ko ta lalace, a sayi wata a shigar da su bi da bi, kuɗin ya dawo. In kuwa wani ya gan su, ba ya bukatar na'urar ko lambarta, daga inda yake zai kwashe kome. Don haka da hannu ake rubuta su, a keɓe, ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura su ta WhatsApp, ba a kuma ba wanda ya bugo waya da sunan ma'aikacin kamfani.

Na huɗu, a gwada kafin a dogara. A aika ɗan kuɗi kaɗan, a share na'urar, a maido da ita da kalmomin, a ga ko kuɗin ya bayyana. A kowane biya kuma a karanta adireshin mai karɓa a allon na'urar, domin akwai mugayen manhajoji masu musanya shi a waya, abin da aka aika kuwa ba ya dawowa.

Abin da halin yankin ke ƙarawa

Abu na farko shi ne ruwa da wuta da gara. Ambaliyar da ta rusa gidaje a Gummi a Agustan 2024 ta isa misali, haka nan ƙauyukan da 'yan bindiga suka ƙone. Takarda ɗaya a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce. Ya kamata a yi kwafi biyu a wurare biyu masu nisa da juna, in da hali a buga kalmomin a kan farantin ƙarfe, mai ita ya yi aikin da kansa ba tare da ya kai wa maƙeri ba.

Na biyu shi ne sadarwa. A ranar 3 ga Satumba, 2021, aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, ƙananan hukumomi da dama suka shafe fiye da wata biyu a haka. Mai lalita ba ya asarar kome a irin wannan hali, tun da kundin yana nan a sauran duniya, amma ba zai iya sayen ko mudun gero da ita ba sai ya je inda akwai intanet. Kuɗin cefane da na asibiti ba nan ne wurinsu ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne baki. Na'urar tana tare ɓarawon da ke nesa, amma ba ta tare wanda ya zo da bindiga. A 2020 an sace bayanan masu saye daga Ledger, sunaye da adireshin gidajen mutum wajen 270,000 suka bazu, a Janairun 2025 kuma aka yi garkuwa da David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, a Faransa. In haka ta faru a can, ina ga yankin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke zaune cikin jama'a? Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke nuna ribarsa a majalisa ko a Facebook ya riga ya yi wa kansa talla.

Kammalawa

Sai dai sirri ma yana da iyaka, iyakarsa kuwa mutuwa. Alƙali yana iya raba gona da shanu tsakanin magada, amma ba kotun da za ta iya buɗe lalitar da kalmominta suka bi mai ita kabari. Haƙƙin marayu ne ke salwanta a nan. Saboda haka wajibi ne mai ita ya rubuta a wasiyyarsa cewa akwai wannan dukiya, ya sanar da amintacce guda inda za a sami kalmomin bayan ransa, ba tare da ya karanta masa su ba. Wanda bai shirya ɗaukar wannan amana ba, ya fi masa alheri ya bar kuɗinsa a banki. Allah Ya tsare dukiyar jama'a da rayukansu, amin.