Masu jiragen tururi sun koma zane da na'ura mai ƙwaƙwalwa

A ƙasar Ingila har yau akwai mutanen da ke hura wuta a cikin ƙaramin jirgin ruwa, su dakata tukunya ta tafasa, sa'an nan su ratsa tabkin Windermere. Ba fatauci suke yi ba, sha'awa ce kurum. An kafa ƙungiyarsu, Steam Boat Association, a shekarar 1971, kuma da dama daga cikinsu da hannunsu suke ƙera injin a ƴar rumfar aikinsu ta gida.

Kafin ƙira sai an yi zane. A da, da fensir da babbar takarda ake yin sa, in an kuskure awo sai bayan an yanke ƙarfe ake ganewa, ga hasarar kuɗi ga ta lokaci. Manhajar AutoCAD ta fito a 1982, amma kuɗinta ya fi ƙarfin mai ƙera inji guda a cikin shekaru.

Yanzu lamarin ya sauya. FreeCAD kyauta ce, ta soma tun farkon shekarun 2000, cikakken bugunta na 1.0 ya fito a watan Nuwamba na 2024, kuma tana aiki da Faransanci. Amfaninta shi ne awo ke mulkin zane: idan maƙeri ya ƙara faɗin silinda, fistan da murfin da ya ɗaura awonsu a kanta su ma sai su gyaru. Yana iya juya injin a fuskar na'ura, ya duba ko wani ƙarfe zai bugi wani. Wanda zanen shimfiɗe ya ishe shi, akwai LibreCAD. Gangar jikin jirgin kuwa, DELFTship ta ƙasar Holan tana da bugu na kyauta mai lissafa nauyin ruwan da jirgi zai ture, abin lura ga kwale-kwalen da zai ɗauki tukunya mai nauyi a tsakiyarsa.

Daga zanen ake buga samfurin roba, a danna shi cikin yashi a fitar da gurbi, a zuba narkakken ƙarfe, kamar dai yadda maƙeran tukwanen alminiyam ke yi a kasuwar Katako ta Yamai.

Sai dai ba kowace kyauta ce ba ta da sharaɗi. Fusion ta kamfanin Autodesk tana barin mai sha'awa ya yi aiki ba biya, amma zane 10 kaɗai yake iya gyarawa a lokaci guda. Onshape kuwa, zanen da aka yi a shirinta na kyauta a buɗe yake ga kowa. Mutumin da aikinsa zai ɗauki shekara biyar ya kamata ya fifita manhajar da ke zaune a cikin na'urarsa, wadda wani kamfani ba zai sauya mata doka ba.

Babbar magana ita ce tukunya. Lita ɗaya ta ruwa tana zama kusan lita 1.700 ta tururi, saboda haka tukunyar da ta fashe tana iya kisa. Kyan zane ba ya shaidar kaurin ƙarfe ko ingancin walda. Shi ya sa mai bincike ke cika tukunyar da ruwan sanyi, ya matsa shi da famfo fiye da ƙarfin da za ta yi aiki da shi, galibi ninki ɗaya da rabi. Ruwa ba ya matsuwa, in akwai rauni yoyo kawai za a gani. Sai ta tsallake wannan gwaji ake sa mata wuta.